Layin Mutum Ɗaya a Filin Kwando

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsaya takara a filin ƙwallon kwandonmu na Ƙofar Marusa, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekarar da soja suka koma bariki ce, lokacin da kowa a Katsina ya kamu da ciwon zaɓe. Mahauta sun zaɓi shugaba, 'yan acaɓa sun zaɓi shugaba, har masu wankin hula an ce sun kaɗa ƙuri'a. Mu ma magoya bayan kulob ɗin unguwa ba a bar mu a baya ba.

Ni ba ɗan wasa ba ne, gara in faɗa tun da wuri. Ƙwallo ba ta taɓa barin hannuna ta faɗa kwando ba. Aikina zama a kan benci da littafin soyayya na haya a aljihu, in an tafi hutu in buɗe in ci gaba daga inda jarumi ya suma. (A lokacin na yi imani duk wani dogon mutum mai shiru-shiru yana ɗauke da wani tsohon miki a zuciya, kuma shi zai yi nasara a shafin ƙarshe.)

Ciwon kulob ɗinmu ɗaya ne: ba mu da dogo. Ba mu da santa, wato mai tsayawa ƙarƙashin kwando ya tare masu shigowa, ya cafe duk ƙwallon da ta daki allo ta dawo. Yaranmu su yi ta gudu kamar barewa, ƙarshe wani zabgegen baƙo ya miƙa hannu ta saman kawunansu ya kwashe wahalarsu. Mai kulob ɗin, Alhaji Mamman mai fata, ya gaji da shan kashi, ya nemo hanya biyu ta musaya. Wani kulob a Funtuwa zai ba mu dogonsu, Lawal, mu ba su yara biyu daga benci. Wani kuma a Kano zai ba mu tauraronsu da ake yi wa laƙabi da Zaki, amma su kuma Habu suke so a madadinsa.

Habu shi ne mai raba ƙwallo a kulob ɗinmu, gajere, mai ido kamar a ƙeya. Abokina ne tun firamare. Shi kaɗai ke kula da mahaifinsa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Sai ya yi masa wanka ya ba shi abinci sannan yake fitowa atisaye. Duk na san wannan. Na sha zama a zaurensu ina jiran ya gama.

Alhaji ya ce, "Yanzu mulkin farar hula ne, ni ba zan yanke ba. Ku da ke ƙona a rana kuna ihu, ku zauna ku zaɓa."

Sau ɗaya na taɓa ganin Zaki, a wani wasa a Kano. Ya yi tsalle ya danna ƙwallo cikin kwando, ya sauko bai yi murmushi ba, ya share gumi yana kallon nesa. Shi ke nan, na gama rubuta masa littafi a kaina. Maraya ne, an yaudare shi, zai zo Katsina ya sami waraka. Ni kuma zan zama aminin jarumi, wanda a kowane littafi shi ke auren ƙawar jaruma. Har sunan ƙawar na zaɓa.

Bayan la'asar aka hallara ƙarƙashin dalbejiyar bakin fili. Kocinmu, Malam Bulus, mutumin Filato da ya girma a Katsina har ya fi mu iya Katsinanci, shi ya zama alƙali. Isa Tela, ɗaya daga cikin magoya baya, ya tashi ya tsaya wa Lawal na Funtuwa.

"Jama'a, ban ce Lawal kyakkyawa ne ba," in ji shi. "Gudunsa kamar na raƙumi mai ciwon ƙahwa. Amma in ya tsaya ƙarƙashin kwando, ko amalanke sai ta kewaye. Kuma ba mu rasa kowa ba sai masu ɗumama benci."

"A haɗa musu da bencin ma!" wani ya ce daga baya.

"To Zaki hwa?" in ji wani dattijo. "An ce shi kaɗai yakan ci wasa."

Isa ya ce, "Shi kaɗai kuma yakan ci abincin mutum ukku. Alhaji, ka shirya?"

Aka yi ta dariya. Da Koci ya tambayi wa zai tsaya wa Zaki, kafin ya rufe baki na miƙe. Na gyara hula. Na kafa wa nesa ido, irin na Zaki.

Da na tsaya a kan yabonsa, da yau ba ni da labari. Na ce shi wata ne daren sha huɗu, na ce inuwarsa kaɗai ta isa maki goma. Aka yi tafi, rabi na ba'a, amma kunnena bai rarrabe ba. Sai Isa Tela ya ce, "Malam mai littattafai, duk mun ji. Habun hwa? Mi za mu yi in babu shi?"

A nan Shaiɗan ya karɓi bakina. A littattafan da na saba, ba a ɗaga jarumi sai an kwantar da wani. Na ce Habu fitilar ƙwai ce, ta yi mana amfani kafin a kawo lantarki. Na ce gajarta ba laifinsa ba ce, amma ba za mu yi ta biyan bashinta ba. Na ce hankalinsa rabi a fili rabi a gida, shi ya sa kullum yake zuwa a makare. Wannan ta ƙarshe, tana fita na ji ɗacinta, amma jimlar ta yi daɗin sauti, sai na ƙara maimaita ta.

Habu kuwa yana zaune can gefe a kan taya, yana ɗaure igiyar takalmi. Na gan shi tun farko. Kawai dai da na fara zuba, sai ya daina zama Habu a idona, ya koma wani suna a shafi.

Koci ya ce ba ruwanmu da takarda, layi za a yi, kowa bayan wanda yake goyon baya, kamar yadda aka taɓa yi a zaɓen baya. Amma ya ƙara nasa sharaɗin: ni da Isa mu tsaya nesa da juna, mu fuskanci kwando, mu ba jama'a baya, kada wanda ya waiwaya sai an hura usur, don kada a bi mutum saboda nauyin idonsa.

Na tsaya, na harɗe hannu a ƙirji. Na ji takun ƙafafu, na ji ƙura na tashi, na ji ana ture-ture. Zuciyata ta ce, ai duk naka ne. Na fara tsara jawabin godiya, wanda a ciki zan yafe wa Isa Tela. (Har na yanke shawarar zan ɗan bari hawaye su cika idona, amma ba za su zubo ba.) Can na ji mutum ya zo ya tsaya dab da bayana, ina jin numfashinsa. Sai kuma hayaniyar ta fara mutuwa, har fili ya yi tsit. Na ɗauka girman nasarar ce ta ɗaure bakin mutane.

Usur ya yi ƙara. Na juya a hankali, da murmushin da na tanada.

Layin Isa ya miƙe har ya lanƙwashe ta bayan dalbejiya. A bayana kuwa mutum ɗaya ne tak. Habu.

Wani ya fara dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya mai da ita tari. Ni kuwa murmushin ya ƙi sauka daga fuskata, ya bushe a wurin.

"Habu," na ce, "mi kake yi nan?"

"Layi aka ce a yi."

"Ai... ai ba haka nake nuhi ba. Salon magana ne."

"Ka san gidanmu, ka san abin da ke sa ni makara," in ji shi. "In wanda ya sani ya hwaɗi haka a gaban jama'a, to waɗanda ba su sani ba sun daɗe suna hwaɗa a ransu."

"Wallahi ba wanda ya taɓa hwaɗa!" Isa Tela ya ɗaga murya. "Kai Habu, dubi layin nan, duk don kai aka yi shi!"

Koci ya zo ya dafa Habu. "Ɗana, taho wannan ɓangaren. Ka bar wannan, littafi ne ya yi mashi yawa."

Habu bai motsa ba. Ya ce a ƙirga. Haka Koci ya daure ya nuna shi da usur ya ce, "Ɗaya." Ni ba a ma ƙirga da ni ba, wai ɗan takara ba ya cikin lissafi.

Lawal na Funtuwa ya zo, ya kuma tare kwando kamar yadda Isa ya ce. Sai dai babu mai miƙa masa ƙwallo. Habu ya je wurin Alhaji da kansa ya roƙi a sallame shi, aka yi juyin duniya ya ƙi zama. Mutanen Kano suka karɓe shi hannu bibbiyu, kuma tunda da ƙafarsa ya je, ba su ba mu Zaki ba, ba su ba mu ko igiyar takalminsa ba. Mahaifin ya koma hannun wata 'yar'uwarsu a Ƙofar 'Yandaka, Habu yana zuwa ƙarshen mako in babu wasa. Ranar da tsohon ya cika, yana Kano.

Na je ta'aziyya. Na zauna a bakin tabarma ina ta shirya kalmomi, kamar yadda na saba. Da na isa gabansa ya miƙo hannu, ya amsa gaisuwata tiryan-tiryan, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Mun gode, Malam. Allah ya ba da lada." Mutumin da tun muna yara bai taɓa kirana da komai ba sai Ɗan Kunne. Na tashi na nemi takalmina, na sa na wani, sai da aka biyo ni waje aka karɓa.

Yau in aka taru ana gardamar wa za a saya, wa za a sayar, ni nakan nemi kujerar baya in kama bakina. In aka matsa mini sai na faɗi ra'ayi, nakan ce a ba ni lokaci in waiwaya tukuna. Na gano cewa mutumin da za ka yi ado da shi a jimla yana da kunne, kuma wani lokaci shi kaɗai ne a duk taron zai ɗauki maganarka da gaske.