Hular da Na Ƙi Cirewa a Maijirgi

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da na je gaida mahaifin Rabi a Maijirgi. Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta Tasawa, ina ji da kaina, ina ji da sumata fiye da kowa. Abin da ya kai ni guda ne: tsohon ya gan ni, ya ce in turo magabata. Rabi kuwa ta riga ta ja mini kunne. "Baba ba shi son ɗan gayu. Wani ya zo mai da askin 'yan ƙwallo, ko ruwa bai gama sha ba aka sallame shi."

To, akwai wani man gashi mai danƙo da mai askina ya haɗa ni da shi. Kullum sai na lafta shi har bakin goshi, in wuni da shi, in kwanta da shi. Saura kwana biyar tafiya, ƙuraje suka feso mini, layi guda suna bin bakin gashi har bayan kunne. Na matse su, na goga lemun tsami, suka ƙara yin jajir. Hankalina ya tashi, abinci ma ya daina shiga.

Ana gobe tafiya na ruga likita. Majo, babbar ma'aikaciyar jinyar wurin, ta duba goshina, ta shinshina iska, ta ce, "Mushe, man nan ne ke toshe maka fata. Ka bar shi. Ka wanke hulunanka da rigar matashi, ka riƙa wanke huska da sabulu marar ƙamshi, hannunka kuma ya bar wurin. Sati ukku sun baje."

Sati uku! Ni da gobe ce tawa. Da safe na ɗiɗɗiga musu makilin, na shafa man ɗan kaɗan (kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba), na ja hula har gira, na hau kabu-kabu. Rana ta buɗe, gumi ya fara aikinsa a ƙarƙashin hula.

A zaure Malam Isuhu, mahaifin Rabi, ya karɓe ni da mutunci. Yana tambayar mutanen gida ina "lahiya lau", alhali goshina kamar an watsa masa barkono. Ina ta addu'a a sallame ni da wuri, sai aka kira azahar. Tsohon ya miƙo mini buta, ya tsuguna kusa da ni da tasa.

Wayyo ni. Na wanke hannu, na kurkure baki, na shaƙa ruwa, duk a hankali kamar mai koyo. Da na zo fuska sai na shafa daga gira zuwa ƙasa.

"Mushe," in ji shi, "a Tasawa da hula aka wanke huska?"

Na cire. Makilin da mai da gumi sun kwaɓe sun yi kunu, ƙurajen sun kumbura a ciki. Tsohon ya ja da baya har butarsa ta kife. "Subhanallahi! Ƙyanda ce ko ƙarambau?" Ya ɗaga murya cikin gida a riƙe yara kada su fito.

Na rasa wanda ya fi sauƙi, a ce mai cuta ne ni ko a ce ɗan gayu. Na ce, "Baba, ba cuta ba ce. Man gashi ne."

Ya dangwali sumata da yatsa, ya shinshina, ya goge a ƙasa. "Da Allah ya ɗora maka ita, da na yi maka addu'a. Wagga kai ka sawo ta da ƙahwarka. Koma gida. Ran da ka iya zama gabana ba hula, ka turo manyanka."

Na yi aski ƙwal a ranar, na bi maganar majo sau da ƙafa, na koma bayan sati uku da hula a aljihu. An ɗaura aure, alhamdulillahi.

Bayan biki nake yi wa Rabi ƙorafin sumar da na rasa dominta. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Wai da kana da suma? Ai ni kullum da hula kake zo mini zance."

Tun daga nan, kafin in sha wahala don burge mutum, sai na fara tabbatar da cewa yana kallo.