Rigar Da Vern Ya Saya Don Ya Ƙona

Ranar Asabar ta wancan makon na raka maƙwabcina Vern Pruitt sayen rigar da zai ƙona, muka dawo babu riga, babu tayar gaba. Ramin da ya cinye tayar kun san shi, na gaban tsohuwar masana'antar gilashi. Shi aka rantse mana za a cike a shekarar da aka ƙara mana haraji don gina filin wasa. Filin har ya fara tsufa, ramin kuwa sai ƙiba yake yi. Allah ya ƙara wa Masu Girma lafiya, ba su bar shi cikin kaɗaici ba, sun samo masa ƙanne har bakin gada.

Za ku ce me ya kai dattijo ɗan fansho sayen riga don wuta? Rufus Dembeck ne ya ja, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar garinmu, mai lamba sittin da takwas, ɗaya daga cikin ƙartin nan biyar da ke durƙusawa gaban mai jefa ƙwallo su zame masa katanga kada a murƙushe shi. A wasan ƙarshe na bana mun yi cin da zai kai mu zagaye na gaba, muna tsalle muna rungumar mutanen da ba mu taɓa gani ba, sai ga ƙyallen rawaya a ƙasa, wanda ake jefawa in an yi laifi. Alƙalin wasa ya buɗe lasifika: sittin da takwas ya riƙe rigar abokin karawa, an soke ci. Kowa ya kama hanyar gida kamar an dawo daga binne gawa.

Ga shi kuma kwantiraginsa ya ƙare, yana so a sabunta ya ƙarasa wasansa a garin nan. Sai Mai Girma Sarkin Awon Gwiwoyin Bayin Allah, wanda ke saye da sayar da 'yan wasan ƙungiyarmu, ya shiga rediyo da muryar ta'aziyya. Wai Rufus ɗa ne a wurinsu, amma fa ya haura talatin, amma fa gwiwar hagu, amma fa miliyoyin da yake nema. Bai ce "mai haɗama" ba. Ya bar mana mu faɗa, mu kuma ba mu ba shi kunya ba.

Vern ya tsaya tsakiyar layinmu ya ɗaga murya. "Lahadin sama kowa ya zo gidana! Akwai gasasshen haƙarƙari, akwai giya, kuma da idonku za ku ga rigar ƙaton banzan nan tana ci da wuta!"

Matarsa Loretta ta leƙo ta taga. "Kana da rigar ne?"

"Zan saya!"

"Ka saya ka ƙona. To madalla. Uwata ta ce kada in aure ka, na ce ai kana da tunani."

A kantin filin wasa rigar mai jefa ƙwallo ta cika bango, ta manya, ta jarirai, har da ta karnuka. Muka tambayi matar da ke kan kanta rigar Dembeck.

"Wa? Wane wasa yake yi?"

"Baiwar Allah, shekara tara yana cin duka a bayan wannan bangon da kike jingine!" in ji Vern.

"To yallaɓai, ba a tambayarta. Sai dai a buga maka ta musamman, dala ɗari da hamsin, a kawo maka har gida."

Na ja shi gefe. "Vern, ka zana lambar a tsohuwar singileti mana, wa zai duba?"

"Floyd, ni ba na ƙona jabu." Ya biya.

Ni fa ba na cikin masu yi wa attajiri kuka. Abin da Rufus ke samu a wasa ɗaya ban same shi a shekarun da na yi ina tuƙa bas ba. Amma ina durƙushe ina canza taya na yi tunanin sana'arsa, ta ba ni tausayi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: shi ake tunkuɗa da ka duk ranar Lahadi, wanda yake karewa shi ke murmushi a tallar man gashi. In ya yi daidai sau dubu, babu wanda ya san yana filin. Lambarsa ba ta fita a lasifika sai ya yi laifi. A makon nan kuma da muke ta auna gwiwarsa a shagon aski, magajin garinmu, Uban Almakashi, Mai Yanka Kintinkiri Ko A Mafarki, ya tara 'yan amshinsa suka amince a kwashi kuɗinmu a gina wa manyan baƙi sabbin ɗakunan gilashi a saman filin, kujerun har da na'urar ɗumama mazaunai. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ma sandata na hannu. Ban ji mutum ɗaya ya buga waya rediyo a kan haka ba.

Lahadi ta zo. Garwashi ya yi ja, layi ya cika, kowa ya saita wayarsa zai ɗauki hoto, ga galan ɗin kananzir a gindin bishiya, amma babu riga. Vern yana ta zagin 'yan kai saƙo sai wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutumin da ya fito sai da motar ta yi ajiyar zuciya. Yana ɗingishi kaɗan, riƙe da ƙunshi a hannu.

"Sannunku da hutawa. Nan ne gidan Baba Pruitt?"

Vern ya ajiye awartakin juya nama a hankali. "Wa... wa ake nema?"

"Sunana Rufus. Matar kanti ce ta ce min wani ya sa a buga rigata. Na ce ta daina wasa, ban da mahaifiyata babu wanda ya taɓa yi. Shi ne na ce ni zan kawo da kaina, in ga fuskar mutumin."

Jama'a, gani ya kori ji. Duk masu wayoyin nan sai kowa ya tuna yana da saƙon da zai duba. Loretta kaɗai ta motsa, fuskarta cike da farin cikin da ban ga irinsa ba tun ranar aurensu.

"Ga shi nan, ɗana, babban masoyinka. Mako guda ba ya barci sai da sunanka a baki. Zauna, bari in zubo maka."

Ya zauna, kujerar ta yi addu'a. Da zai sa hannu a rigar na ga yatsunsa, kowanne ya kama gabansa, alƙalamin ma da ƙyar ya riƙe. Can dai halin Vern ya motsa.

"Yaro, tsakani da Allah, me ya sa ka riƙe shi?"

"Ya wuce ni, Baba. Gwiwar ta ƙi juyawa. Ko a jefa mini ƙyalle, ko a ɗauki yaron can mai jefa ƙwallo a gadon asibiti, bayansa ya juya bai ma ga mutumin ba. Na riƙe shi. Gobe ma in ya wuce ni zan riƙe shi."

"To kwantiragin fa?"

"Na ce su rage kuɗin. 'Ya'yana a nan aka haife su. Har yanzu ba su kira ni ba."

Ya cinye faranti biyu, ya yi wa Loretta godiya. Da zai shiga mota ya kalli galan ɗin, ya kalli Vern, ya yi murmushi. "Baba, kada ka bar ta kusa da wuta. Roba ce, hayaƙinta ba shi da kyau ga ƙirjin dattijo."

Ranar Talata ƙungiyar ta sallami Rufus. Sarkin Awon Gwiwoyi ya fito ya ce zuciyarsa ta karye, amma kowane iyali sai da sadaukarwa. Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe, sai dai na lura a wannan iyalin kullum mutum ɗaya ke riƙe da wuƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Jiya Vern ya buga mini ƙofa sanye da rigar, ta kai masa har gwiwa. Wai in raka shi kanti a buga masa ta Sarkin Awo da ta Uban Almakashi, ko nawa ne zai biya. Na ce ya zauna ya sha kofi. Manya ba wawaye ba ne, shi ya sa kwat suke sawa, kuma ban taɓa ganin kwat da suna a bayanta ba.