Rasuwar Mabel, Kyamarar da Ragon Norris Ya Tunkuya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Clive Dinsdale, tsohon mai raba wasiƙu na ƙauyen Thorngill da ke kan tuddan Yorkshire, a madadin kaina da maiɗakina Glenda, wadda ta ce kada in kuskura in sa sunanta a wannan shirme, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, Mabel. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da ta gabata da hantsi, a shagon Mista Ackroyd mai gyara, bayan jinyar kwana biyar. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiya ta shigo gidanmu ne ranar ɗaurin aurenmu, kyauta daga kawun Glenda. 'Yar zamanin da ce, mai cin fim, hoto talatin da shida take ɗauka ta ce ta ƙoshi sai an canza mata. Ba ta taɓa neman caji ba, ba ta taɓa nuna mini hoto kafin a wanke shi ba, kuma ba ta taɓa gyara wa kowa fuska ba. Idan haɓarka biyu, biyun za ta fito maka da su. Surukata ta rasu ba ta yafe mata wannan hali ba.

Waɗanda suka yi zama da ita za su fi tuna muryarta. Idan na danna ta sai ta ce kacak! Idan na ja hannunta don hoto na gaba sai ta ce kirrr, a natse, kamar mai gyaran murya. Ba ta iya raɗa ba, wannan gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu. A gandun tsuntsaye na bakin fadama, inda muke zuwa kowace Talata, akwai bukkar katako da masu leƙen tsuntsu ke zama a ciki, kowa ya yi tsit, kowa da sabuwar kyamararsa mai dogon baki da ba ta ko tari. Sai mu yi awa uku muna jiran zalɓe ɗaya ya fito daga cikin ciyawa. Da zarar ya fito, Mabel ta gaishe shi. Zalɓen ya tashi, agwagi su tashi, dinya ta tashi, fadamar ta zama wayam. Wata baiwar Allah da muke haɗuwa a can ta taɓa juyowa ta ce mini, “Don girman Allah Clive, ka riƙa barin wannan injin niƙan a mota mana.” Ban bar ta ba. A duk yankin nan babu mai tarin hotunan bindin tsuntsu kamar ni, kuma ina alfahari da su.

Amma inda ranta yake shi ne bikin nunin amfanin gona. Daga farkon bazara har kaka babu Asabar ɗin da ba mu ɗauki fulas ɗin shayi da burodi da cuku mun bi ƙauyuka ba. A can babu mai harararta, don kukan tumaki da lasifika sun fi ta baki. Ta ɗauki albasar da ta kai kan jariri. Ta ɗauki kek ɗin da ya zo na ɗaya, ta ɗauki fuskar matar da nata ya zo na biyu. Ta ɗauki karnukan kiwo, da dawakin noma masu gashi a ƙafa, da tsofaffin taraktoci da masu su da suka girme su. Ruwan sama ya dake ta ba adadi, ta faɗa taɓo sau biyu, wata akuya ta taɓa cinye rabin igiyarta, duk ba ta taɓa kwanciya ciwo ba.

Ta rasu ta bar gilasan ɗaukar hoto uku, babban cikinsu yana fama da hazo a ido tun bara. Ta bar ƙafa-uku, wato sandar da ake ɗora ta a kai, guda ɗaya mai ɗingishi, da jakar fata, da marayun fim biyu da ke cikin firij kusa da man shanu, ba su san abin da ya faru ba tukuna. Ta bar kwalayen takalmi cike da hotuna a ƙarƙashin gado, waɗanda Glenda ta ce ita ba ta ɗauke su a matsayin dangi ba. Wayar da 'yata ta saya mini ba ta da alaƙa da marigayiya ta kusa ko ta nesa, don haka kada a yi mata ta'aziyya.

Mutane da dama sun tambayi yadda abin ya faru, kuma na ji ana ƙara masa gishiri a kanti, don haka ga gaskiyar magana.

A gidan shayi na kasuwar tumaki akwai bangon da ake rataye hoton ragon da ya zo na ɗaya a nunin Thorngill kowace shekara, da mai shi a tsaye a bayansa. Sharaɗin guda ne: a ɗauki hoton a ranar nunin, a cikin filin nunin, da jan furen ƙyallen da ake ba gwani a jikin ragon. Kakan Norris Alderson yana wannan bango. Ubansa yana wurin har sau uku. Shi kuwa Norris, makiyayin da ke gonar can saman tudu, shekararsa tamanin da ɗaya, ya zo na biyu sau tara, bai taɓa hawa bangon ba. Bana ce shekararsa ta ƙarshe. Gwiwoyi sun ƙi, ba shi da mai gadon garken, ya riga ya sa ranar da za a yi gwanjon tumakinsa duka.

Kwana uku ya yi zaune da ɗan hantsaki yana tsince farin gashi daga baƙar fuskar ragonsa, sili ɗaya-ɗaya, ya shafe masa ulu da baƙar ƙasar fadama yadda ake yi. Ranar Asabar alƙalin gasar ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya laluba gadon bayansa, ya ja baya ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa Norris jan fure. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini. A daidai lokacin ne sama ta ɓarke da ruwa. Mai hoton jarida ya riga ya wuce wani ƙauyen, 'yan kallo suka ruga cikin tanti da wayoyinsu, filin ya rage daga ni sai Norris sai rago.

Norris ya ce, “Kai yaro, wannan abar taka tana aiki kuwa, ko ado ce?” Shekarata sittin da takwas, amma a wurinsa ban wuce yaro ba.

Na duba, saura hoto ɗaya. Talatin da biyar na ƙarar a kan albasa da kek. Na ce, “Tana aiki, amma harbi ɗaya ne, sai ka tsaya da kyau.”

Ya ce, “Ni shekara sittin nake tsaye. Kai dai ka danna.”

A irin wannan hoto ba a son hannun mutum a jikin rago. Mai shi yakan daidaita masa ƙafafu huɗun, ya ɗaga masa haɓa, sannan ya saki ya ja baya taku ɗaya. Norris ya yi nasa daidai. Ni ne na yi kuskure, kuma ina faɗa a gaban jama'a. Duk wanda ya tashi cikin tumaki ya san ba a durƙusawa a gaban rago a watan da ake shirin sakinsa cikin garke, ni ma na sani. Amma shekara da shekaru a gandun tsuntsaye sun koya wa gwiwata cewa abu mai rai a daidai idonsa ake ɗaukarsa. Kafin in yi tunani, gwiwar ta kai ƙasa. Ragon ya leƙa gilashin Mabel ya ga wani rago a ciki, mai ƙaho irin nasa, yana kallonsa ba kunya.

Na ji kamar ta ce kacak. Na ce kamar, don abin da ya biyo baya ya fi ƙarfi. Na farka a kwance cikin taɓo ina kallon sama, hancina lafiya, haƙorana cif. Abin da ya nufo fuskata, ita ta tare shi da tata. Ragon kuwa ya tsallake shinge, ya faɗa rafi, aikin kwana uku ya bi ruwa, jan furen ma ba a sake ganinsa ba. Babu zancen sake ɗauka. Norris ya tsaya a kaina ruwa na zuba daga hularsa, bai tambayi lafiyata ba, ya ce, “Ta ɗauka?” Na ce ban sani ba.

Ranar Litinin na kai ta wurin Mista Ackroyd, wanda shi ne likitanta tun tana ƙarama. Ya juya ta, ya kara ta a kunne, ya ce in zauna. Ya ce gilashin ya tafi, amma wannan ba komai, ana samun wani. Matsalar murfin baya ne, ya lotsa ya cije, fim ɗin kuma ya maƙale ba ya naɗuwa.

Ya ce, “Clive, hanya biyu ce. In na buɗe ta a hankali a ƙarƙashin fitila, zan iya tashinta, ta ƙara maka shekara ashirin, amma haske zai ƙone fim ɗin. In kuwa fim ɗin kake so, sai na shiga ɗakin duhu na ɓalle ta da filaya ina lalube. Daga nan babu ita.”

Na ce, “To hoton yana ciki?”

Ya ce, “Ni mai gyara ne, ba boka ba.”

Kwana uku ina juya maganar. Ba zan yi ƙarya ba, na so in zaɓi Mabel. Na ce a raina wataƙila ma ba ta ɗauka ba, in kashe ta a banza. Na ce Norris ba ɗan uwana ba ne, shekara talatin ina kai masa wasiƙa bai taɓa ce mini shigo ka sha shayi ba. Ranar Laraba da safe ina zaune na tasa ƙwai a gaba ban ci ba, Glenda ta ce, “Kai fa ka san abin da za ka yi tun ranar Litinin, kana dai jan rai ne. Ci ƙwanka kafin ya huce.” Haushin maganar ya kama ni, don gaskiya ta faɗa.

Ranar Alhamis na tsaya a bakin ƙofar ɗakin duhu. Na ji ƙarfe ya ce ƙas, sannan wani abu ƙarami ya faɗi ƙasa ya gangara. Mabel ba ta ce ko kacak ba. Na fita waje na daɗe ina karanta farashin kifi a tagar maƙwabcin shagon, don kada a ga idona.

Ta ɗauka.

Ba irin hoton da aka saba gani a bangon ba ne. Ragon ba ya tsaye, ƙafafunsa huɗu duk sun bar ƙasa, ya sunkuyar da kai, jan furen yana tashi a gefen wuyansa, ɗigon ruwa ya tsaya cak a iska. Norris yana baya, baki buɗe, hannu a miƙe, amma fuskarsa ta fito tar. Na hau tudu na kai masa hoton. Ya sa tabarau, ya matsa kusa da taga, ya ƙura wa hoton ido har na fara neman kalmar ba da haƙuri.

Sai ya ce, “Dubi ƙirjin nan. Dubi cinya. Ragunan babana duk a tsaye suke kamar matattun da aka cusa wa fatarsu ciyawa aka kafa.” Ya cire tabarau ya goge, ya ce, “Ackroyd ya gaya mini asarar da hoton nan ya jawo maka, yaro.”

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Juma'a mai zuwa da ƙarfe takwas na safe, a bayan gidanmu, ƙarƙashin bishiyar tuffa. Za a sa ta a gwangwanin biskit, Glenda ta amince ta ba da na Kirsimeti mai hoton dawaki. Mista Ackroyd zai faɗi 'yan kalmomi. Ana roƙon jama'a kada a kawo furanni, kuma kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, a mutunta mamaciya. Iyalai sun yafe wa ragon, amma ba a gayyace shi ba.

Daga nan za a ɗunguma zuwa gidan shayi na kasuwar tumaki, inda za a karɓi gaisuwa, akwai shayi da kek. Da ƙarfe goma za a rataye hoton a bango, ƙasa da na uban Norris. A daure a zo a kan lokaci, don da sha ɗaya za a fara gwanjon tumakinsa a zauren da ke maƙwabtaka, kuma ya ce ba zai shiga ba. Ya ce a ajiye masa kujera a gaban bangon, yana so ya sami abin kallo har a gama.