Rasuwar Gwaggo, Na'urar Fotokwafin Ɗakin Fayil

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da har yau baƙar hoda ba ta gama fita daga faratansu ba, ni mai kula da fayil na wannan ofis nake sanar da abokan aiki, na bene da na ƙasa, rasuwar na'urarmu ta fotokwafi, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Larabar makon jiya da sha ɗaya da kwata na safe, bayan doguwar jinya ta shekara tara da gajeruwar wahala ta minti ashirin a hannun mutum huɗu. Shekararta goma sha uku a ɗakina, ɗakin nan na ƙarshen baranda marar taga. An ajiye ta a nan ne don soket ɗina kaɗai ke iya ɗaukarta, ni kuma aka laƙaba mini Angon Gwaggo, ban ce ina so ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, amma ba ta son a yi mata gaggawa. In an kunna ta sai ta yi gyaran murya: ƙirrr, ƙas, ƙas, ƙas. Wanda ya danna kafin ƙas na uku shi ya jiyo. Takarda sai an karkaɗe ta an hura mata iska, a riƙa ba ta ɗaya bayan ɗaya kamar mai shan magani. Ƙofarta ta ƙasa kuwa ba ta rufuwa sai an tokare ta da gwiwar hagu, ba da ƙarfi ba, ba kuma da wasa ba. Duk takardar da ta fitar sai ta ja mata baƙin layi siriri a gefen dama, don a san daga hannun wa ta fito.

Ta dalilinta na ga abin da na gani. Akawunmu, wanda muke kira Minti-Ɗaya, ba ya zuwa sai saura kaɗan a tashi. Zai leƙo ya ce, "Ango, taimaka mini, minti ɗaya kacal," ga shafi sittin a hammatarsa, gaba da baya. Anti Sakatariya ba ta taɓa kawo takarda ba tare da fil a kunnen takardar ba, in na yi magana ta ce, "Af, na manta," ta zauna ta ba ni labarin surukarta tun daga farko. Direba ma ba ya wahalar da kansa da takarda. Zuwa yake ya jingina da Gwaggo don ɗuminta, ya shanye mini rabin shayi, ya fita da birona a aljihu. Na sha faɗa a gaban kowa cewa ran da Gwaggo ta mutu zan sha shayina da zafinsa. To, bakina ya kama ni.

Ga yadda ajali ya zo. Na ɗauki hutun kwana uku don in kai mahaifiyata asibitin ido. A rana ta biyu Manaja ya buƙaci rahoto da gaggawa. Minti-Ɗaya ya danna tun a ƙas na biyu. Takardar Anti ta shiga da fil ɗinta. Direba ya tuna yana ganina ina wani abu da ƙafa, sai ya ɗaga ta dama ya zabga wa baiwar Allah shuri. Manaja da kansa ya naɗe hannun riga ya ja takardar da ta maƙale, ya fito da rabi. Waɗanda suka halarta sun ce kalamanta na ƙarshe su ne ƙiii, tuf, sai warin roba ya cika ɗakin.

Da na dawo na kira mai gyara. Ya buɗe cikinta ya fito da fil cike da tafin hannu, da maɓallin riga, da birona guda uku, abin da ya wanke Direba daga wani ɓangare na zargi. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, sai haƙuri. Kayan irin wannan ko a wurin 'yan gwangwan an daina ganinsu."

Na yafe wa mutum huɗun nan, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Laifin nawa ne. Anti ta roƙe ni ya fi sau goma in koya mata yadda ake lallaɓa Gwaggo, ina ce mata Gwaggo ba ta son baƙon hannu. Ƙarya nake yi. Abin da za a koya a minti biyar ne. Tsoro nake ji, domin tun da aka zuba fayil-fayil a kwamfuta sai a yi wata guda ba wanda ya nemi ko ɗaya a wurina. Na san in suka iya ta, ba mai sake takowa ƙarshen barandar nan ya ce mini ina kwana.

Marigayiya ta rasu ta bar ango ɗaya, da rabin ƙunshin takarda, da ƙanwarta fanka mai juyawa gefe guda, wadda ake ba shawara ta shafa wa gemunta ruwa. Ta kuma bar magajiya, sabuwa fil, an ajiye ta a bene kusa da teburin Anti. An ce daga kujerarka za ka aika mata aiki, ba ta tari, ba ta neman gwiwar kowa. Ina yi mata fatan alheri, duk da ba a kawo ta ta gaishe ni ba.

Yau kwana takwas ke nan, in ka cire mai shara da mai gyara, ba wanda ya taɓa ƙofata. Birona na nan inda na ajiye shi. Ina shan shayina da zafinsa har ƙasan kofi, kuma wallahi ba daɗi. Kewarku nake ji, har da surukar Anti da ban taɓa gani ba.

Za a ɗauki gawa gobe da ƙarfe goma na safe. Direba da mai gadi za su kama, a kai ta sito na ƙarƙashin bene, a kwantar da ita kusa da tsohuwar tafireta. Ana roƙon Direba ya yi amfani da hannu kawai.

Zaman makoki kuma a ɗakin fayil ne, kuma ba a sa ranar tashi ba. Zan jera kujeru biyu a gurbin da za ta bari, butar shayi ta gaji soket ɗinta, ga sabon kwalin biro a kan tebur, ba zan duba aljihun kowa ba. Ba sai kun zo da takarda ba. Minti-Ɗaya, kai ma ka leƙo, ko na minti ɗaya ne, irin naka mai shafi sittin.