Tocila Ta Takwas

Ranar Laraba, goma sha tara ga watan Maris, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata, Akawu ya fara ɗora ido a kan 'yar tocilar da har yau take aljihunsa. Ya fito daga ofis da izinin awa ɗaya, da takardar gargaɗi a ninke cikin littafinsa. Sau biyu ke nan ana aikensa sito ya ɗauko fayil mai lamba uku, ya dawo da mai lamba takwas. Siton ba shi da taga, ƙwan fitilarsa ɗaya ne, shekara ashirin da biyu kuma Akawu kaɗai ya san inda kowace takarda take. An ce in ya sake, za a karɓe mabuɗin, a mayar da shi teburin bakin ƙofa ya riƙa rubuta sunayen baƙi.

Shagon kayan wutar da ya shiga na 'yar kawunsa ne, abokiyar wasansa. Tun tana aji uku ta fara sa tabarau, shi kuma tun ranar ya laƙaba mata Ido Huɗu.

"Sannu da aiki, Ido Huɗu. Ya kasuwa?"

"Tana tafiya, sai da ka shigo ta tsaya. Ɗan goggo, wa ya buɗe maka rami da rana tsaka?"

"Tocila nake so."

"Ta bakwai ke nan. Kai cin su kake yi?"

"Ta takwas. Ido har huɗu, amma ƙirga ta gagare ki."

Ya zauna a kan kwalin wayoyi, ya sauke numfashi, ya buɗe littafinsa. Sai da ya miƙa hannu can nesa da fuskarsa kafin ya fara karantawa.

"Na ɗaya, kada ta wuce tsawon yatsa. Na biyu, ta zama da maƙali irin na biro. Na uku, makunninta ya kasance a gindi, mai tauri, don kada ta kunna kanta a aljihu."

"Kamar ta huɗu? Ranar da ka zo gidanmu cinyarka na walƙiya, kaji suka bi ka har zaure?"

"Ta biyar ce. Kuma kaza ɗaya ce."

"To ita ta bakwai me ta yi maka?"

"Ta dushe." Ya juya shafi. "Ta shida ma ta dushe. Duk kayanki haka suke, kamar mai su."

Ya ciro ta bakwai ya ajiye mata. Ta danna makunni. Haske ya ratsa shagon, ya sauka a bangon tsallaken titi, da ranar Allah.

"Wannan ce ta dushe? In na haska kaza da ita sai ta gasu."

"A nan ne. Ki shiga sito ki gani."

"Ni in shiga kabarin takardu? Allah ya sauwaƙe. Miƙo hannunka."

Ta gwada yatsarsa da wata 'yar baƙar tocila mai caji, ta zo daidai. Ta ɗaura mata maƙali da sukundireba, ta naɗa jan salatif a wuyanta. "Don ka gan ta in ta faɗi. Ko jan ma ya dushe?" Sannan ta kunna, ta haska bayan wani batir, ta kawo shi kusa da hancinsa.

"Gwada kayanka. Karanta lambar."

"Uku, takwas, ɗaya."

"Takwas, uku, bakwai," ta gyara masa.

Akawu ya ji nauyin mabuɗin sito a aljihun wandonsa. Ita kuwa sai ta jawo aljihun teburi, ta ciro wani tsohon tabarau mai ƙafa ɗaya a ɗaure da zare.

"Na kawunka ne, Allah ya jiƙansa. Shi ma shekara biyu yana zagin ƙwan fitila kafin ya yarda."

"Ni ba na sa wannan abin."

"Na sani. Shekara arba'in kana gaya wa gari."

"Yara za su yi dariya a ofis."

"A teburin bakin ƙofa za su yi maka kuka ne? Takardar tana leƙowa daga littafinka, ɗan goggo. Tun daga nan na karanta ta. Amfanin ido huɗu ke nan."

Ya karɓa kamar wanda aka miƙa wa magani mai ɗaci. Ya sa. Takwas ta rufe cikinta, uku ta buɗe nata, bakwai ta fito da hularta. Ya daɗe yana kallon batirin, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Ashe kin tsufa haka?"

"Cire. Ba ni kayan ubana."

"An riga an ba ni."

"To sai ka faɗa da bakinka. Wane ne kai yanzu?"

Ya dubi agogo. Saura minti goma sha biyu izininsa ya ƙare. Ya yi wata gajiyayyar dariya.

"Ido Huɗu."

"A'a, wannan nawa ne, na sha wahalarsa. Kai da tocila, biyar. Ɗauki, na ba ka duka biyun, ka tafi kafin ka kore mini masu saye."

Ranar Litinin mai zuwa Akawu ya je wurin likitan ido, aka yanka masa nasa tabarau, amma na kawu yana nan cikin aljihun teburinsa. Mabuɗin sito bai bar hannunsa ba. A littafinsa ya sa rula ya soke "ta dushe" a wuri bakwai, ya raba tsofaffin tocilolin ga masu gadi da mai shara. Ta takwas tana maƙale a aljihun rigarsa, an canza mata salatif sau biyu. A gidan kawu kuwa, har jikoki Ido Biyar suke kiransa, yana kuma amsawa.