Rasuwar Babbar Kwalbar Surukata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yanzu ta kasa ɗagowa ta dubi mutane, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar Babbar Kwalba, wadda a gidanmu aka fi sani da Uwar Kanta. Ta rasu ranar Laraba da rana tsaka, a ɗakin taro na ofishinmu, a gaban jama'a, kuma a hannuna.

Marigayiyar kwalbar gilashi ce mai faɗin baki da kaurin gindi, murfinta na ƙarfe, da zoben roba a cikinsa. Ba a gidana ta fara rayuwa ba. Surukata ce ta saye ta tun mai ɗakina tana rarrafe. Duk lokacin da tumatir ya yi yawa a kasuwa, sai ta dafa shi har ya yi kauri, ta zuba a cikin marigayiyar, ta rufe, ta tsunduma ta a tukunyar ruwa ta yi ta tafasa, sannan ta ɗora ta a kan kantar kicin. A shekarun da surukina yake kwance ba lafiya, ita kuma tana kan keken ɗinki daga safe har yamma, daga cikin wannan kwalba yaran gidan suka riƙa samun miya. Da muka tare a gidanmu, surukata ta naɗe ta a tawul ta miƙa wa 'yarta da hannu biyu. Marigayiyar ta bi mu gidajen haya da dama, ta sha girgiza a bayan motocin kwasar kaya, ko tsagewa ba ta taɓa yi ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Ba ta ɗaukar wari, ba ta riƙe maiƙo, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa abin da ke cikinta ba. Ba ta da yawan magana. Idan an fito da ita daga ruwan zafi an ajiye ta ta huce, can sai murfinta ya lotsa ciki, a ji ta ce ƙwas. Shi ke nan zancenta na mako, kuma da jin sa mai ɗakina take kwance ɗankwalinta ta zauna, don ta san aiki ya yi kyau.

Ranar Lahadi ce ranar marigayiyar. Mai ɗakina takan cika murhu da tukwane, ta dafa wake, ta dafa shinkafa da karas, ta soya albasa, ta jera ƙananan kwalabe a kan tebur, kowace da ranar da za a ci ta. Babbar kuwa miyar tumatir ce rabonta, daga ita ake ɗiba wa kowa. Nawa aikin a wannan hidima bai wuce wanke murafe da tambayar ko an kusa gamawa ba.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga lokacin da aka tura mai ɗakina kwas a wani gari. Kafin ta tafi ta cika firiji da kanta maƙil, ta kuma tsayar da ni a kicin ta nuna mini yadda ake yi, daki-daki. Na yi ta gyaɗa kai, idona yana kan waya.

A ofis, kullum da rana sai in fito da 'yar kwalbata in buɗe, ƙamshi ya cika ɗaki. Abokan aiki suka fara leƙowa. Da wani ya ce ashe haka na iya girki, ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Kafin wata ya ƙare na zama mai wa'azi. Duk wanda ya shigo da abincin saye a leda sai na yi masa bayani a kan tsari da tanadi, da yadda mutum mai hankali yake sanin abin da zai ci ranar Alhamis tun ranar Lahadi. Dogo, direban ofishinmu, shi ya fi kowa shan wannan huɗuba, don teburinsa yana kusa da ƙofata. Labari ya kai kunnen Manaja, mace mai son ganin ma'aikatanta cikin ƙoshin lafiya, ta ce in tara kowa a ɗakin taro in koya musu. Na amsa da sauri, ban tuna cewa abin da mai ɗakina ta bari ya kusa ƙarewa ba.

Don haka na shiga kicin da kaina. Na dafa tumatir iya fahimtata, na ɗura wa marigayiyar har wuya, ban bar mata wurin numfashi ba. Da na zo kan tafasa ta a ruwa, sai na ga kamar ɓata lokaci ne, tun da miyar ai da zafinta na zuba. Na murɗe murfi da ƙarfin tsiya. Na jira ƙwas, ba ta ce komai ba, na ɗauka gajiya ce. Don kada in manta da ita ranar taro, na sa ta a but ɗin mota tun daren Lahadi, motar da ke wuni a rana a bakin ofis.

Marigayiyar ta yi haƙuri da jinyarta. Murfinta ya kumbura, ƙananan kumfa suka riƙa tasowa daga gindinta. A hanyar ofis na ji wani siririn tsss daga baya, na tsaya na duba tayoyi huɗu, na ci gaba da tafiya.

Ranar Laraba aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Manaja ta zauna a sahun gaba cikin fararen kaya. Na ɗora marigayiyar a tsakiya, na yi dogon jawabi, sannan na ɗauki cokali na ƙwanƙwasa murfinta don jama'a su ji ƙarar kwalbar da ta rufu da kyau. Ta ce dum.

Dogo ya ɗaga hannu daga baya. "Yallaɓai, kamar tana numfashi fa."

Na ce masa alamar inganci ke nan. Na rungume ta a ƙirji, na murɗa.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suke wurin sun gani, waɗanda ba sa wurin kuma an riga an ba su labari. Marigayiyar ta ce fuuush, da muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Miya ta kai silin, ta sauko a kan allo, a kan takardun mutane, a kan Manaja tun daga tabarau har takalmi. Wani tsami ya turnuƙe ɗakin, har masu zama kusa da taga suka yi rige-rigen buɗewa. Hannuna ya yi santsi. Na ji tana zamewa, na kai mata cafka, na kama iska. Kalmarta ta ƙarshe a kan tayil ita ce tas.

Manaja ta cire tabarau, ta goge da gefen ƙyallen tebur, ta mayar, ta ce, "Mun gode. An fahimta." Dogo ya kawo kwali, ya durƙusa muka tsince gutsattsarin tare. Ina shaida masa a gaban kowa cewa bai yi dariya ba sai da ya kai matakala.

Da yamma na kira mai ɗakina. Ta ce in je in gaya wa Mama da bakina. Na je gidan surukata da kwalin, na durƙusa a bakin ƙofar falonta, na kasa haɗa ido da ita. Ta leƙa ciki ta daɗe tana kallo.

"Ɗan nan, nuna mini hannunka."

Na nuna mata ɗan yankan da ke babban yatsana.

"Akwai wanda ya ci?"

Na ce babu.

"To ta gama aikinta. Da ta yi shiru ta bar ku kun ci, da yanzu asibiti muke bin ku da kwanuka."

Ta sa hannu ta zaro murfin, ta goge shi da bakin mayafinta, ta sa a jaka. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Marigayiyar ta bar murfinta, wanda yanzu yake zaman takaba a gidan surukata. Ta bar ƙananan kwalabe 'yan uwanta, waɗanda mai ɗakina ta ba da umarni ta waya a kai su gidan maƙwabciya har ta dawo. Ta bar ludayin da ya yi mata hidima tsawon rayuwarta, da babbar tukunyar da ya kamata in tafasa ta a ciki, da wani jan tabo a silin ɗakin taro wanda mai fenti ya ce sai an yi masa shafi biyu.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da safe, lokacin da motar kwasar shara take zuwa layinmu. An naɗe gawar a tsohuwar jarida da kwali mai kauri, an rubuta GILASHI a kai da manyan baƙaƙe, don kada ta yanki wani bayan ranta, abin da ba ta taɓa yi ba tana raye. Ni zan ɗauke ta zuwa bakin titi. Daga nan surukata ta ce in wuce kasuwa in sayo kwandon tumatir, in jira ta a kicin, in kuma bar wayata a falo.

Ba za a karɓi gaisuwa a ofis ba. Wanda ya haɗu da ni a matakala, ya yi mini alheri ya kalli wani wajen.