Ni Zinari Kawai Nake Sawa

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen ɗalibaina kaf, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da leɓena ya tona mini asiri a gidan biki a Faskari. Shekara uku ke nan, amma har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Ni malamar makaranta ce a Ƙanƙara, kimiyyar sinadarai nake koyarwa (ku riƙe wannan, don shi ya fi ba ni kunya a duk labarin). Haƙorana biyu na sama tun ina ƙarama suka leƙo waje, har 'yan aji suka raɗa mini suna a ɓoye, suna zaton ban sani ba. Bayan aurena da shekara guda na yanke shawarar a sa mini wayar nan ta gyaran haƙori. Asibitin da ke yi yana Katsina, don haka na sauka gidan Yaya Rabi, yayar mijina, ita ce ma ta raka ni.

To, Yaya Rabi mace ce mai kwarjini. Danginsu mutanen Sabuwa ne, masu gonaki da shanu, kuma in ta kalle ki sai kin duba ko zaninki ya kwance. Tun da na shiga cikinsu nake fama kada a ce ƙaninta ya auro 'yar talakawa. Garin wannan faman ne na taɓa ce mata 'yan kunnen da nake sawa zinari ne, Babana ya saya mini. Maganar gaskiya, a kasuwar Ƙanƙara na saye su wurin mai koli. Kuma duk ranar da na sa su sai kunnena ya yi ƙaiƙayi, ya kumbura, har ya riƙa ruwa. In na cire sai in shafa man kaɗanya, in ja ɗankwali in rufe har ya warke.

Ina kan kujerar likita, Yaya Rabi na zaune a bayana da jakarta a cinya, sai ya ɗauko takarda ya fara tambayoyi. Ciwon suga, hawan jini, duk na ce babu. Sai ya ajiye biro.

"Malama, wayar nan da 'yan ƙarafan da za mu manna miki akwai wani ƙarfe a cikinsu, nikel. Miyau yana ɗan zare shi kaɗan-kaɗan. Yawancin mutane ba ya musu komai, amma akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da shi. In kin sa 'yan kunne ko sarƙa irin na kasuwa, suna miki ƙaiƙayi?"

Wallahi a daidai lokacin kunnena na hagu ƙaiƙayi yake. Na ji idon Yaya Rabi a ƙeyata. Sai na gyara zama, na yi wani murmushi na masu hali.

"Ai ni, Likita, zinari kawai nake sawa."

"Ko a da can?"

"Ko a da can."

Ya rubuta, ya ci gaba da aikinsa. Ni da nake tsayawa gaban allo ina rubuta wa yara sunan nikel da lambarsa, ni ce na buɗe baki aka shimfiɗa mini shi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Kwana biyar da komawata gida bakina ya fara zafi kamar na tauna barkono. Dasashina ya yi ja, gefen baki ya tsage. Na ɗora wa yaji laifi, na daina ci. Na ɗora wa zoɓo, na daina sha. Likita ya ba ni lambarsa, ya ce in na ga wani abu ban gane ba in kira. Sau uku ina ɗauko waya ina ajiyewa, don na san tambayar da zai sake yi mini, kuma ya san Yaya Rabi, ita ta kai ni wurinsa.

Ana haka bikin ɗiyar Yaya Rabi ya taso, za a kai amarya Faskari. Da yake ni ce 'yar boko a cikin matan gida, ni aka zaɓa in yi jawabin godiya a wurin walima a madadin dangin amarya. Na yi kwana uku ina haddace shi. Ranar da za mu tafi na tashi da safe na duba madubi, na ga leɓena na sama ya yi suntum kamar ƙosai, ga ƙuraje jajaye sun kewaye bakin. Mai hankali asibiti zai nufa. Ni kuwa takunkumin fuska na ɗaura na ce mura nake, na maƙala 'yan kunnena na "zinari", na ɗauki Innata muka shiga mota.

Tsakar gidan cike yake da mata, maza kuma suna waje ƙarƙashin rumfa, an kafa musu lasifika don su ji. Aka kira ni, aka miƙo mini abin magana. Na fara ta cikin takunkumi, sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ɗiyata, cire ƙyallen nan, ba mu jin ki." Wasu suka mara mata baya. Na kalli Yaya Rabi, ta yi mini alama da kai in cire.

Na cire. Har mai zuba shinkafa sai da ta tsaya da cokali a sama. Na daure na ce zan yi wa kowa barka da zuwa, amma leɓen ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa, sai "warka da zuwa" ta fito, har da miyau.

Inna ce ta miƙe daga kan tabarma. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, amma wannan bai taɓa hana ta faɗar abin da ke ranta ba. Ta zo ta kama haɓata, ta juya ni wajen haske, ta ɗaga ɗankwali ta duba kunnen.

"Ke 'yar nan, mi ya samu bakinki? Halan kin koma sa 'yan kunnen masu kolin nan? Ba na hana ki ba? Tun kina goye jikinki bai son ƙarfen banza. Ga shi nan yau ya bar kunne ya hau baki."

Abin maganar yana hannuna, daidai ƙasan bakinta. Na ji muryarta tana dawowa daga lasifikar waje. A maimakon in yi shiru, sai na sunkuya na raɗa mata (a cikin abin maganar dai, jama'a), "Inna, zinari ne."

"Zinari a gidan wa? Ubanki ko zoben azurfa bai taɓa saye ba."

Daga rumfar maza aka fara dariyar, mijina na cikinsu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Yaya Rabi ta taso, ta karɓi abin maganar, ta yi godiyar da kanta a jimla uku, ta ja hannuna zuwa ɗaki.

Washegari da sassafe ta sa ni a mota sai Katsina. Likita ya duba bakin, ya duba kunnen, ya sake yin tambayarsa ta ranar farko. Wannan karon na ba shi tarihi tun daga goyo. Ya cire wayar da ƙarafan duka, ya rubuta magani, ya ce sai bakin ya warke sarai sannan a sake sabon aiki da irin waɗanda babu nikel a ciki.

"Da kin faɗa mini tun farko, da su zan sa miki," ya ce. "Ban tambaya don in san arzikinki ba, Malama."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa ne Yaya Rabi ta yi magana, idonta na kan titi.

"Tun satin da kika tare na san ba zinari ba ne. Zinari ba ya barin kore a bayan kunne. Kara na yi miki. Da na san karar za ta kumbura miki baki, da a gaban likitan na ƙaryata ki."

Ashe shekara guda ina wahalar da kunnena don in burge matar da ta riga ta gano ni, kuma ba ta damu ba.

Yanzu haƙorana sun jeru, kunnena kuma zare ne a ciki, baƙi, irin na jarirai. In muka zo kan nikel a aji ba na buɗe littafi, labarin nan nake ba su. Abin da na koya shi ne, in likita ya yi tambaya, shi ake ba amsa, ba wadda ke zaune a bayan kujera ba. Sai dai darasin ya zo a makare, don har gobe in na shiga Faskari matan gidan nan da "sannu da zuwa, Mai Zinari" suke tarbata.